Amang Jarkasi, Mai Ɗanɗana Talabijin da Yatsa

Jama'a, a gyara zama, a kashe injin kwale-kwale, mai tari ya yi abinsa tun yanzu. Zan gabatar muku da matafiyi mafi girma da birnin Banjarmasin ya taɓa haifa. Mutumin da ya san zafin hamada da sanyin ƙanƙara, ya san ƙasar da ake cin naman doki da ƙasar da ake barin kifi ya ruɓe da gangan, ya san ƙofar da ake shiga tashar jirgin ƙasa ta Tokyo da wadda ake fita, amma duk tsawon rayuwarsa bai taɓa wuce garin Kandangan ba, can ɗin ma amai yake yi a mota. Wannan shi ne Amang Jarkasi, mai shagon hayar littattafai na bakin kogi a unguwarmu, mijin Acil Sehan, baban Wahidah, mai talabijin ɗaya da ra'ayi dubu. A yarenmu Amang kamar a ce Kawu ne, Acil kuma Gwaggo, haka duk unguwa ke kiransu.

Ni kuma mai wannan shela sunana Mahlan. Na yi sakandare har zuwa inda ni da ita muka gane ba ma son juna, muka rabu ba tare da faɗa ba. Na sayar da katin waya, na yi gadi a wani wurin yankan katako, na yi wankin babura, yanzu ina tuƙa kwale-kwalen kawuna mai inji kafin in wuce Malesiya ko Koriya ko duk inda jirgi ya ga dama ya sauke ni. Zaman wuri ɗaya ba ya karɓata. Inda kawai nake iya zama har ƙafata ta sage shi ne bencin shagon Amang.

Shagon na katako ne, a kan ginshiƙai cikin ruwa, kamar kowane gida a layinmu. In kogi ya ciko, littattafan kantar ƙasa ake fara kwashewa. Akwai na 'yan takobi masu juzu'i ba iyaka, akwai na soyayya da matan unguwa ke turawa ƙasan kwandon cefane, akwai na zane-zane na yara. A da, in ji shi, layi ake yi masa. Yanzu waya ta kwashe masu karatu, saura tsofaffi, da 'yan mata biyu-uku, da mu 'yan zaman benci da ba ma hayar komai sai inuwa. Shi ko a jikinsa. Ya ce ko kowa ya gudu, yana da mai karatu ɗaya da bai taɓa ba shi kunya ba, wato shi kansa.

Amang ba ya tambayar mutum yadda ya kwana. Gaisuwarsa ɗaya ce, ga yaro, ga liman, ga mai sayar da kifi.

"Utuh, me kake karantawa yanzu?" Utuh yake ce min, sunan da ake kiran kowane ɗa namiji da aka raina shekarunsa.

"Bayan motar kaya, Amang. Na kai inda aka ce a yi hattara."

"Ka kusa sauka ke nan. Ni ina kan na wani Bature da ya tafi neman ƙarshen duniya ta wajen ƙanƙara. Sun cinye karnukansu, yanzu sun fara dafa takalma."

"Ya kai kuwa?"

"Wa ya sani? Ambaliyar bara waccan ta cinye shafukan ƙarshe. Kullum a nan nake barin sa, yana tauna takalmi."

"To me kake nema a ciki kake ta maimaitawa?"

"So nake in gane ko ya sa gishiri."

Sama da ƙofar shagon aka rataye talabijin, kuma abu biyu kawai aka yarda ya nuna: shirin abinci da shirin yawon duniya. Ana fara labarai sai ya rage murya. Ƙwallo kuwa, sai dai ka je gidanku. In an sa shirin abinci, mu muna kallon faranti, shi yana kallon maƙogwaron mai gabatarwa.

"Maƙaryaci! Kun gani? Ya rufe ido tun cokali bai kai bakinsa ba. Wa ya faɗa masa da daɗi? Dubi wuyansa, bai haɗiye ba. Ana ɗauke kyamara zai tofar."

"Amang, ƙila da daɗin."

"Mai jin daɗin abinci ba ya surutu nan take. Waccan mai gilashin ta ranar Talata, ita tana haɗiya, ina girmama ta. Wannan kuwa ko ruwan zafi ka ba shi cewa zai yi ya tuna da kakarsa."

Haka rayuwarsa take tafiya har bana. Shi da Acil sun ba da sunansu na Hajji tun ban fara tafiya ba. A jiharmu kujerar Makka jiran ta ake yi har gashi ya yi fari, wasu ma sunansu na fitowa ne bayan an yi musu addu'ar arba'in. Bana na su biyun ya fito tare. Ranar da labari ya zo, Amang da hannunsa ya kashe talabijin ana tsakiyar soya wani abu, ya shiga ciki ya yi raka'a biyu. Ban taɓa ganin allon nan baƙi da rana ba sai in an ɗauke wuta.

Sai awon lafiya, wanda ba a ba maniyyaci izinin tafiya sai ya wuce shi. Acil ta wuce kamar gaishe su ta je yi. Amang kuwa, likita ta kalli takardarsa, ta kalle shi, ta sake kallon takardar, ta tambaye shi ko da suga yake wanka. Jini ya hau, suga ya hau. Ta ba shi magani da 'yan makonni, ta ce ya dawo a sake aunawa. In abin ya sauka, ta sa masa hannu ya tafi. In bai sauka ba, bana ba shi, sai baɗi in Allah ya kai mu. Mutumin da ya doshi saba'in kuwa ba ya son a yi masa alƙawarin baɗi.

A gaban 'yan benci Acil ta yanke masa hukunci.

"Baban Wahidah, in faɗa maka tun yanzu. Ni zan tafi. Da kai, ba kai, zan tafi."

"Ki bar ni a nan?"

"Me zai same ka? Ka zauna ka kalle ni a talabijin ina ɗawafi, ai ka saba. Zan ɗaga maka hannu."

Benci ya fashe da dariya. Amang bai yi ba. Ya jawo littafin Baturensa, ya buɗe daidai shafukan da ruwa ya cinye, ya daɗe yana kallon su.

To, da daga shi sai matarsa ne, da abin ya zo da sauƙi. Amma akwai unguwa. A wajenmu ba a zuwa taya maniyyaci murna hannu rabbana. Wannan ta kawo miyar soto da kaza, waccan ta kawo wainar bingka mai ƙwai da madarar kwakwa da suga, wancan ya aiko da kifin gishiri da ko kyanwa sai ta nemi ruwa bayan ta lasa. Kuma kowa ya san kapuhunan. An miƙo maka abinci, ko kuwa ranka ya biya da shi, ka tashi ka tafi ba ka ɗanɗana ba, to duk abin da ya same ka a hanya kai ka saya da kanka: ka zame daga gadar katako, ko maciji, ko inji ya mutu maka a tsakiyar kogi. Liman ya ce camfi ne, har a huɗuba ya faɗa, ni kuma da idona na ga ya dangwali kofin shayi ya kai yatsa baki ranar da yake sauri. Maganin mai sauri ke nan. Ka taɓa da yatsa, ka kai harshe, ka wuce lafiya.

Acil ta yarda da yatsa. Abin da ta manta shi ne yatsan Amang ba irin na mutane ba ne. A miƙe yake shiga bingka, ya fito a lanƙwashe ɗauke da abin da zai ƙosar da jariri. Kwana kaɗan ya koma yatsu biyu. Ranar da ta kama shi da huɗu cikin soto, cewa ya yi ai magabata ba su ƙayyade guda nawa ba.

A ranar ta kira ni.

"Mahlan, kai da ba ka da aikin yi, zo nan."

"Acil, ni fa matuƙin jirgin ruwa ne."

"Na ce kai da ba ka da aikin yi. Daga yau kai ne bakin Amang ɗinka. Duk abin da aka kawo, ni zan riƙe masa hannu ya taɓa da ɗan ƙaramin yatsa, kai kuma ka cinye a gaban wanda ya kawo, kar a ce mun wulaƙanta abincin mutane."

"Acil, aiki ne mai haɗari. Amma tunda na addini ne, na karɓa."

Ban taɓa samun aikin da ya dace da baiwar da Allah ya yi min kamar wannan ba. Da farko ci kawai nake yi. Amang na zaune da kwanonsa na dafaffen ganye da kifin da aka turara ba gishiri da shinkafa cikin tafin hannu, yana kallo na kamar na ci masa gado. Rana ta uku ya kasa haƙuri.

"Kai ko ci ba ka iya ba. Kana haɗiya kamar injin tsotse ruwa. Bakina ne kai ko ba bakina ba? To faɗa min abin da nake ji!"

Na juya cokali na mayar da shi abin magana, na gyara murya.

"Masu kallonmu a gida, barkanku da warhaka. Yau muna unguwar bakin kogi, inda wata baiwar Allah..."

"Kar ka rufe ido tukuna! Kurɓi ruwan. Riƙe shi a baki. Kirfa ta fito?"

"Ta fito."

"Kafin albasa ko bayanta?"

"Tare suka shigo, Amang, suna tura juna a ƙofa."

"Barkono fa?"

"Ya aiko ba zai samu zuwa ba."

"Na matar liman ne ke nan. Tsoron barkono take yi kamar zunubi. Haɗiye in gani."

Ina haɗiyewa sai ya kai lomar ganyensa baki, ya tauna a hankali yana kallon wuyana. Ya ce abin yana aiki, wai in an yi masa bayani da kyau har ganyen ma yakan rikice ya ɗauka shi kaza ne. Cikin mako guda benci ya daina ɗaukar mutane. Mata suka fara kawo abinci don su ji abin da za a ce a kansa, har aka yi 'yar gaba tsakanin gidaje biyu saboda na ce bingkar ɗaya tana da kunya. Ni dai na san na fi mai rufe idon nan na talabijin, kuma Amang bai musa ba, wanda a wajensa yabo ne.

Saura talabijin ɗin kansa. Wata rana ana nuna wasu mutanen hamada sun binne rago cikin rami da garwashi, suka tono shi nama na zamewa daga ƙashi. Na ga maƙogwaron Amang ya yi sama ya dawo. Aka kira la'asar. Ya miƙe, ya sa hula, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon gadar katakon da zai bi zuwa masallaci. Sai ya dawo, ya jawo kujera, ya hau, ya dangwali cinyar ragon a jikin allo, ya kai yatsa harshe.

"Amang! Lafiya?"

"Raina ya biya. So kake in faɗa kogi a hanyar masallaci, saura ƙiris in ga Ka'aba?"

"To yaya ɗanɗanon?"

"Ƙura. Amma ya gasu."

Daga ranar allon ya cika da shatin yatsu. Ya ɗanɗani taliyar Japan, ya ɗanɗani cukuin Turawa mai tsutsa ya ce bai ga abin yayi ba, ya ɗanɗani wani kifi da ake busarwa a iskar ƙanƙara. Acil ta ce gara wannan da bingka, amma ba za ta zauna mijinta ya karye daga kan kujera a hana shi tafiya saboda ƙafa ba. Ta sa ni na sauko da talabijin kan tebur, dab da inda nake tsayawa in yi shirina. 'Yan benci da suka fi kowa yi masa dariya, ba a jima ba na ga su ma in za su tashi sai sun ɗan shafi allon a fakaice.

Amang ya fara ramewa, zaninsa na neman ƙarin ɗauri. Ni kuma maɓallin wandona ya yi murabus, kawuna ya fara tambayar abin da ya sa bayan kwale-kwale ke nutsewa. Wata rana da hantsi daga ni sai shi a shago, aka sa shirin alhazai, fararen kaya suna juyawa kamar ruwa a kwano. Bai ce komai a kan mai gabatarwa ba. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"Duk wuraren nan da nake gani, Utuh, ban taɓa jin ina son zuwa ba. Kallo ya ishe ni, ga gidana ga kogina. Wannan ne kaɗai kallo bai ishe ni ba."

Sai ga wata ta shigo da soyayyiyar ayaba, na koma bakin aikina.

Ranar sake awo, doka ita ce kar komai ya shiga bakinsa tun daga dare sai ruwa, in ba haka ba awon ya lalace, kuma babu wata rana ta uku. Da sassafe na kawo kwale-kwale bakin shago. Amang ya fito cikin farar riga, Acil na biye da jakar takardu. Sai muka ga wata 'yar tsohuwa zaune a kan matakalar da ake sauka cikin jirgi, ta tare hanya, da tukunya naɗe cikin zani a gabanta.

Nini Bainah ce, wato Kaka Bainah a yarenmu, ƙanwar mahaifiyar Amang, wadda ta raine shi tun da uwarsa ta rasu yana jariri. A Kandangan take, ta haura tamanin. Wani ɗan gulma ya kai mata labari wai ana kashe mata ɗa da yunwa, ta sa jikanta ya tuƙo ta tun asuba. Tun kafin a kwance zanin hancina ya karanta abin da ke ciki: ketupat ne, dunƙulen shinkafar nan ta cikin saƙar ganyen kwakwa, da kifin haruan da aka ƙyafe, cikin miyar madarar kwakwa mai kauri. Duk duniyar da Amang ya gani a talabijin, babu abincin da ya kama ƙafar wannan a wajensa, ya sha faɗa.

"Jarkasi! Matso in gan ka. Innalillahi! Sehan, haka kika mayar min da ɗa, kamar sandar tura kwale-kwale?"

"Nini, likita ce ta ce..."

"Likitar ce ta goya shi? Zauna, Jarkasi, ka ci da zafinsa."

Amang ya durƙusa ya sumbaci hannunta, ya yi mata bayanin awo da jini da kujera. Ta saurara kamar ana ba ta labarin wata ƙasa. Da ya gama ya miƙa ɗan ƙaramin yatsansa wajen tukunya. Ta make hannun har na ji ƙarar daga cikin jirgi.

"Yatsa na baƙo ne. Ni da na tauna abinci na sa maka a baki, yau ni za ka yi wa yatsa?"

Na ga lokacina ya yi, na hauro. "Nini, barkanku da hanya. Ni ne bakinsa, hukuma ta naɗa ni. Duk abin da aka kawo..."

"Wannan kuma ɗan wa ne, mai kumatu kamar bingka? Koma inda ka fito." Ta juya ga Amang. "Kuma ruwa za ka hau. Ka tsallake abincina, ka bar shi a baya, ka hau ruwa? Ni ba zan tsaya a nan in ji an ce ana neman ka da taru ba."

Ba rigima take nema ba, tsoro take ji da gaske. Maƙwabta suka leƙo ta taga, kowa a ransa ya san in shi ne ba zai hau jirgin nan ba. Ni kaina na kalli injina na ga kamar ya canza fuska. Acil, wadda ta ce za ta ɗaga masa hannu a talabijin, ta rungume jakar takardu a ƙirji, fuskarta ba digon wasa. Abin da kawai ta ce shi ne, "Baban Wahidah," can ƙasa-ƙasa.

Amang ya ɗaga murfin. Tururi ya bugi fuskarsa. Na ga maƙogwaronsa ya tafi sama ya daɗe bai dawo ba. Ɗaya hannun har ya fara naɗe hannun riga. Sannan ya mayar da murfin a hankali.

"Nini, wa kapuhunan yake kamawa?"

"Kai ma ka sani. Wanda ya bar abinci ya tafi."

"To ni ban bar shi ba. Da shi zan tafi. Ku ma da ku za mu tafi."

Ta zura masa ido. "A wane littafin naka ka karanta wannan?"

"Ba a rubuta shi ba tukuna."

Ta yi ta juya maganar, tana neman inda take yoyo. Ba ta samu ba.

"Ana zare allura ka ci."

"Ana zarewa."

"A gabana."

"A gabanku, Nini."

Haka muka hau kogi, tukunya a kan cinyar Amang, iska kuma kamar an aiko ta, duk ƙamshin hancinsa take kai wa. Don kar bakinsa ya zauna banza ya yi ɓarna, sai ya sake shi da magana. Ya ba mu labarin tafkin da ya bushe ya zama gishiri, da tsuntsayen ƙanƙara masu tafiya kamar alhazan birni, da jirgin ƙasan da ake tura mutane ciki da farin safar hannu.

"Ka je ne?" in ji Nini.

"Na gani."

"To yi mana shiru."

A tsakiyar kogi inji ya yi tari sau biyu. Duk muka kalli tukunya. Amang ya ƙanƙame ta kamar jariri, Nini ta fara salati, inji ya gyara murya ya ci gaba. Ni na san ciyawar ruwa ce ta naɗe farfela ta sake ta, amma matuƙi na gari ba ya ɓata wa fasinja imani.

A asibiti muka tarar da ɗakin jira cike da maniyyata, kowa da yunwarsa tun dare. Amang ya zauna a tsakiyarsu da tukunya. Ba a daɗe ba hira ta mutu, hancina suka fara juyowa. Wani dattijo mai farin gemu ya yi ta haɗiyar yawu har ya gaji, ya taso.

"Malam, a gafarce ni, raina ya biya, kuma babur zan hau in koma gida."

Ya taɓa murfin da yatsa ya koma. Ai kuwa sai layi. Maza da mata, kowa ya zo ya dangwali tukunyar Nini, ita kuma ta miƙe zaune tana gyara mayafi kamar ranar bikinta. Wata nas ta fito tana faɗa: "Kar wanda ya lasa min komai! Wa ya shigo da abinci nan?" Ta tsaya, ta shaƙa, ta duba hagu da dama, ta taɓa murfin ita ma, sannan ta kira sunan Amang.

Da tukunyar ya shiga. Aka auna hawan jini tana kan cinyarsa, aka ɗebi jini tana kan cinyarsa. Ana zare allura Nini ta ɗage murfi. Ya wanke hannu, ya murmushe ketupat cikin miya kamar yadda 'yan Kandangan ke yi, ya haɗa da tsokar kifi, ya kai loma ɗaya. Ya tauna, ya haɗiye, sai bayan nan ya rufe ido. Mutumin da yake da abin faɗa a kan girkin duniya duka bai ce ko kalma ba. Da ya buɗe ido, da hannunsa ya turo min tukunyar.

"Ya ci," in ji Nini, ta kalli kowa ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai musu.

Sauran aikina ne, na kuma yi shi da cikakken bayani ga jama'ar da ke jiran allura, har wani ya ce in ban yi shiru ba zai kai ƙarata wajen Allah a Arafa. Nas ɗin nan ta gama dariya ta ce in miƙo hannu ta gani. Ta ɗaura min abin awo, ta matsa, ta daina dariya.

"Shekarunka nawa? Naka ya fi na tsohon nan hawa. Ka dawo ranar Litinin."

Na yi mata bayani cewa na'urar a ƙasar sanyi aka ƙera ta, ba ta fahimci jinin mutanen kogi ba. Ta rubuta Litinin.

Bayan azahar sakamako ya fito. Likita ta kalli takarda, ta kalli Amang, wannan karon sau ɗaya, ta sa hannu. Acil ta zauna a benci ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. Da ta buɗe, cewa ta yi, "To sai ka nemo mai riƙe maka shago." Amang kuwa tambayar likita ya yi ko da gaske ne abincin cikin jirgin sama ƙanƙane ne kamar yadda ake nunawa.

Da la'asar muna shago, benci a cike, Nini na barci a ciki. An sa wani shiri na masu hawan dutse da jakuna, Amang ya jawo kwanon ganyensa, don Acil ta ce doka na nan har sai an hau jirgi. Na ga in ban yi magana yau ba tarihi zai manta da ni. Na miƙe, na tsaya a wurina, na ɗaga cokali.

"Jama'a, ku shaida! Yau an ga ƙarshen jihadi. Wa ya tari soto da ƙirjinsa? Wa ya tsaya gaban bingka bai ja da baya ba? Wa ya ba da wandonsa, ya ba da jininsa, don wani bawan Allah ya ga Ka'aba? Amang, ba na neman lada a wajenka. Abin da kawai nake roƙo, in ka kama tufar Ɗakin Allah, ka ambaci sunan Mahlan, bakinka, garkuwarka, sannan ka taho min da jallabiya da dabino, in da hali da agogo. Faɗa wa jama'a, Amang. In ba don ni ba, da yanzu kana ina?"

Amang ya karkata kai hagu, ya karkata dama, yana neman jakunansa a allo.

"Matsa, Utuh. A da rabin talabijin kake tarewa, yanzu duka ka tare."